Rumbu da Baitulmali: Sharhi kan Sassan Tattalin Arzikin Nijar

Wanda ya tashi auna tattalin arzikin Jamhuriyar Nijar, irin tambayar da ya yi ita za ta ba shi irin amsar da zai samu. In ya tambayi abin da ke kawo wa ƙasar kuɗin waje, za a lissafa masa yuraniyam da zinariya da man fetur. In kuwa ya tambayi abin da ke ciyar da mutanenta, sai a ce masa gero da dawa da wake da dabbobi. Kowace amsa gaskiya ce, sai dai ba kasafai suke haɗuwa a wuri ɗaya ba. Kimanin mutum takwas cikin goma na 'yan Nijar da gona da garke suke rayuwa, amma noma da kiwo da kamun kifi a haɗe kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ma'adinai kuma, waɗanda gwamnati ta ɗora wa burinta, ma'aikatan da kamfanoninsu suka ɗauka 'yan dubbai ne a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 25.

Abin da wannan sharhi ke son nunawa shi ne Nijar tana tafiya da tattalin arziki iri biyu, na rumbun talaka da na baitulmalin gwamnati, kuma yawancin wahalar ƙasar daga rashin hanya tsakanin biyun take fitowa. Domin a ga haka, sai an bi sassan ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasa mai faɗi, gona kaɗan

Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, ya fi na Najeriya, amma kusan kashi biyu cikin uku hamada ne. Abin da ake iya nomawa bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, kuma siririn yanki ne da ya bi iyakar kudu daga Tilaberi da Doso, ta Tawa da Maraɗi da Damagaram, har Difa. A Gaya ana samun ruwan sama kimanin milimita 800 a shekara, a Agadas kuwa ko 200 ba ya kaiwa. Damina wata uku ce zuwa huɗu, ita ke yanke wa sauran watannin shekara hukunci.

Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960 mutanen ƙasar ba su kai miliyan 4 ba. Yau sun ninka haka fiye da sau shida, kusan rabinsu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙasar noman ba ta ninka ba. Wannan lissafi ne ke ƙarƙashin duk abin da zai biyo baya.

Noma: na ci da na sayarwa

Gero, wanda manoman Nijar suka fi kira hatsi, shi ne sarkin amfanin gona, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya. Dawa na biye da shi. Wake kuwa, in aka cire Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noma shi. Galibi gona ɗaya ake shuka su, gero da wake a tsakaninsa, domin in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi, kuma harawar waken abincin dabba ce mai kuɗi.

Ƙarin abincin da aka samu cikin shekaru sittin ɗin nan, mafi yawansa daga faɗaɗa gonaki ya zo, abin da hekta guda ke bayarwa bai motsa sosai ba. An sare daji, an cinye saura, an tura noma arewa zuwa inda da can makiyaya kaɗai ke zama. A kudancin Maraɗi da yankin Magarya da Matamaye gonakin gado sun yi ta rabuwa tsakanin 'ya'ya da jikoki, har ta kai magidanci na riƙe da abin da ba zai ciyar da iyalinsa rabin shekara ba. Takin zamani kuwa Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da shi a duniya, saboda tsada, da kuma tsoron manomi kada ya zuba kuɗinsa ruwa ya ɗauke.

Akwai wata asara da ba fari ke kawo ta ba. Da kaka manomi yana da bashi a wuya, ga hidimar aure da suna, sai ya fitar da hatsinsa lokacin da tiya ta fi araha. 'Yan kasuwa su saye su kimshe. Da damina ta kankama rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sai ya koma sayen wannan hatsin da tsada, wani lokaci ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don ya sami abin awo. Hukumar OPVN da aka kafa a 1970 tana ajiyar hatsi tana sayarwa da rahusa a irin waɗannan watanni, akwai kuma bankunan hatsi na ƙauyuka da tsarin ajiye amfanin gona a matsayin jingina a karɓi rance, amma duka ba su game yawancin manoma ba.

Tarihin noman sayarwa kuwa da gyaɗa ya fara. Tun zamanin Faransa har zuwa farkon shekarun 1970 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, ita ta gina Maraɗi, ita ta cika asusun gwamnatin Diori Hamani ta hannun kamfanin SONARA. Farin 1968 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa bayansa suka karya wannan ciniki, manoma suka koma hatsi da wake. Farin ya tafi har da gwamnatin, domin yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974.

Yau albasa ce ta gaji gyaɗa. Albasar Galmi, mai launin shuni da yaji, ta yi suna daga Accra har Abijan, kuma babu ƙasar Afirka ta Yamma da ta kai Nijar fitar da albasa. Ana noma ta da rani a kwarin Maggiya da Tarka da lambunan tsaunukan Ayar. Matsalarta ajiya ce: a rudun gargajiya kaso mai yawa yakan ruɓe kafin farashi ya tashi, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke sayarwa a bakin gona. Bayan albasa akwai aya da riɗi a Maraɗi, da rake a yankin Korama, da shinkafa a bakin Kogin Isa, da tattasan Difa a gaɓar Komadugu. Wannan na ƙarshe ya nuna yadda tsaro ke shiga aljihun manomi. Bayan hare-haren Boko Haram na 2015, dokar ta-ɓaci ta dakatar da cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci, jihar da take ciyar da kanta da su ta koma jiran agaji.

Abu mafi kyau da ya faru a noman Nijar bai fito daga babban shirin gwamnati ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara barin tohon kututturen itace a gonakinsu, suna rage rassa suna kula da mai ƙarfi, dabarar da ake kira sassabin zamani. Gawo ya fi kowane itace amfani a wannan, don da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ƙasar gindinsa kuma tana ƙara ƙarfi. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta wannan hanya, da itatuwa kimanin miliyan 200. Abin da ya ba dabarar ƙarfi shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, jami'in gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Haƙa tassa da rabin wata a ƙeƙasassun filayen Tawa ma haka suka bazu, daga manomi zuwa maƙwabcinsa.

Kiwo: dukiyar da ke fita da ƙafarta

Kiwo yana ba da fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa, amma wannan adadi bai nuna matsayinsa na gaskiya ba. Ga Bafulatani da Buzu da Tubu da Balaraben Difa, garke shi ne rayuwa gaba ɗaya. Ga manomin kudu kuma, musamman mata, akuya da tunkiya su ne asusun ajiya, su ake kai wa kasuwa in ciwo ya zo ko rumbu ya ƙare. Nijar tana da irin dabbobin da aka sani a waje: shanun Azawak masu nono, jajayen shanun Bororo, balami, da jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare hamada ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko.

Tun 1961 doka ta shata layi, ta ce arewa da shi ƙasar kiwo ce. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 sun amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi, sun kare burtali da mashaya. A takarda Nijar ta fi maƙwabtanta da yawa tsari a wannan fanni. A ƙasa kuwa gonaki sun haura layin, burtali ya tsuke, masu kuɗi sun killace filaye, rashin tsaro a Tilaberi da Difa da iyakar Zamfara da Sakkwato ya toshe hanyoyin da garke ke bi.

Babban abin lura shi ne yadda ake sayar da dabbar. Yawanci da ranta take barin ƙasa, ta kasuwannin iyaka irin su Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari, daga nan a loda ta zuwa Kano da Legas. Ribar yanka da jima da sarrafa ƙashi da ƙaho duk a can ake cin ta. Kilishin Nijar da cukunta sun yi suna, amma sana'ar hannu ce ta masu ƙaramin jari. Ƙasar da ke da miliyoyin shanu tana shigo da madarar gari don kamfanonin nono na Yamai, saboda nonon yana daji, babu sanyi ko hanyar da za ta kawo shi gari kafin ya lalace.

Yuraniyam: darasin da aka riga aka biya kuɗinsa

Faransawa ne suka gano yuraniyam a Azelik a 1957. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. Sa'a ta zo daidai da tashin farashi bayan rikicin man fetur na 1973, ƙasashen Turai suka raja'a kan wutar nukiliya. Kafin 1980 yuraniyam ya kama kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da Nijar ke samu daga waje, a 1981 kuma abin da aka haƙo ya haura tan 4,000.

An yi abubuwa da kuɗin. An sauke wa talakawa harajin kai, an shimfiɗa titin Tawa zuwa Arlit, an buɗe mahaƙar kwal ta Anu Araren don ba ma'adinan wuta, Yamai ta sami manyan gine-gine irin su otal ɗin Gaweye. An kuma ci bashi da zaton farashin zai dawwama. Bai dawwama ba. Bayan haɗarin tashar nukiliya a Amurka a 1979 kasuwar ta faɗi, zuwa 1983 Nijar ta shiga hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya da sharuɗɗansa na tsuke bakin aljihu. Da farin 1984 ya zo, ya tarar da manomi inda farin 1973 ya bar shi, yana jiran ruwan sama da fartanya.

Dalilin yana cikin yanayin sana'ar kanta. Mahaƙa tana cikin hamada, nesa da inda mutane suke. Injinanta da sinadaranta daga waje suke zuwa, garin yuraniyam ɗin kuma, kafin 2023, a cikin ganguna yake tafiya tashar jirgin ruwa ta Kwatano zuwa Faransa. Babu abin da take saya daga manomin Tasawa, babu abin da take sayar masa. Hanyar da kuɗinta zai isa gare shi ɗaya ce, ta baitulmali, don haka komai ya rataya ga kason da gwamnati ta karɓa da kuma inda ta zuba shi. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankunan haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga, amma koken jinkirin biya bai taɓa yankewa ba.

COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris 2021 bayan arzikin ramin ya ƙare, ta bar tulin shara mai guba da ma'aikatan da suka rasa aiki. Gwamnatin sojan da ta karɓi mulki a 2023 ta ƙwace lasisin mahaƙar Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa a watan Yunin 2024, a Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma koken da ya kai ga haka tsoho ne. Sai dai mallakar rami ba ta warware matsalar kasuwa da hanyar fita da jarin gyaran injina ba, ba ta kuma amsa tambayar inda kuɗin zai tafi ba.

Zinariya ta bi wata hanya dabam. Akwai mahaƙar zamani ta Samira a yammacin ƙasar tun 2004, amma abin da ya girgiza arewa shi ne gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014. Dubban matasa suka kwarara da na'urar bincike da diga. Wannan haƙa ta hannu ta ba mutane aiki fiye da yuraniyam nesa ba kusa ba, kuɗinta ya shiga shaguna da motoci da gidaje a Agadas. Amma ramuka na rufta wa mutane, sinadaran wanke zinariya na gurɓata ruwa, kaso mai yawa kuma yana fita ƙasar ba tare da an rubuta shi ba. Yuraniyam ya cika baitulmali bai ba da aiki ba, zinariyar hannu ta ba da aiki ta kauce wa baitulmali.

Man fetur: dama ta biyu

A 2008 Nijar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan rijiyoyin Agadem da ke jihar Difa. A watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, Sinawa na da kashi 60, gwamnati na da 40. Babban sauyin ya zo da bututun da aka ja daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda zai iya ɗaukar ganga 90,000 a rana. Jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. A wannan shekarar tattalin arzikin ƙasar ya bunƙasa da fiye da kashi 8 cikin 100, bayan shekarar 2023 da ya tsaya wajen kashi 2.

Alamun haɗarin ma ba su ɓuya ba. Tun kafin jirgin farko ya tashi gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, bashin da za a biya da man da ba a sayar ba tukuna. Rikicin Yamai da Kwatano kan rufe iyaka ya tsayar da lodi na wani lokaci, 'yan tawaye kuma suka fasa bututun a watan Yunin 2024. Hajar da ke bi ta bututu ɗaya, ta ƙasar maƙwabci ɗaya, zuwa hannun abokin ciniki ɗaya, ba a gina kasafin kuɗi a kanta da ido rufe.

Masana'antu da wutar lantarki

Nan ne giɓin ya fi faɗi. Masana'antu su ya kamata su sayi gyaɗa da fata da albasa da nono daga karkara, su mayar da su kayan da ake sayarwa da daraja. Bayan 'yancin kai an gwada: kamfanin man gyaɗa da majema a Maraɗi, masaƙa a Yamai, injinan casar shinkafa a bakin kogi, siminti a Malbaza. Yawancinsu sun durƙushe ko sun koma aiki rabi da rabi. Simintin Malbaza ne ya sami sabon jari ya tashi. Sarrafa amfanin gona na gaskiya a hannun mata yake, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da daddawa, da turmi da injin niƙan unguwa.

Dalilan a bayyane suke. Yamai tana da nisan kimanin kilomita 1,000 daga teku, kowane inji da kayan gyaransa sai ya biya kuɗin wannan tafiya. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso a 2016 bai taɓa jigilar kaya ba. Kasuwar cikin gida ƙarama ce, kayan Najeriya da na Sin kuma sun fi araha. Sai wuta. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara ma bai kai haka ba. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekarar, mai walda da mai ƙanƙara da tela suka gane cewa makunnin sana'arsu a wata ƙasa yake. Madatsar Kandaji, wadda aka tsara ta ba da megawat 130 ta kuma shayar da dubban hektoci, an aza tubalinta tun 2008, an yi ta ɗage ranar gama ta.

Kasuwa da iyaka da cin rani

A lissafin hukuma, ciniki da sufuri da sadarwa da aikin gwamnati kaso ne babba, kafaɗa da kafaɗa da noma da kiwo. Mafi yawan masu ciniki da sufuri ba su da rajista: mai tebur, ɗan kabu-kabu, dillalin dabbobi, mai sayar da ruwa a kura. Fiye da rabin tattalin arzikin ƙasar a wannan fage yake, shi ya sa harajin da gwamnati ke tarawa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa ba. Giɓin da tallafi da rancen waje ake cike shi. Da aka dakatar da su a 2023, sai da gwamnati ta zabge kusan kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗin shekarar.

Iyakar Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ta isa a ɗauke ta wani sashe na tattalin arzikin Nijar mai zaman kansa. Wake da dabbobi da aya da kanwa suna gangarawa kudu, masara da taki da kayan masarufi suna hawa arewa. Alhazan Maraɗi sun yi dukiya da wani ciniki na musamman: su shigo da atamfa da taba da shinkafa da gwanjo ta Kwatano da Lome, su biya kuɗin fito a Nijar, kayan su tsallaka Najeriya inda aka hana su ko aka tsawwala musu haraji. Wannan riba ce da ke rayuwa a kan dokar wata ƙasa, ranar da dokar ta sauya sai ta tafi. Haka ya faru da man 'yan ruwa-ruwa. Shekara da shekaru man Najeriya mai rahusa ne ke tafiyar da baburan Damagaram da Maraɗi. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 shigowarsa ta ragu sosai, buƙata ta koma kan SORAZ da ba ta isa ba, har aka yi dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris 2025.

Darajar kuɗi ma tana juya wannan ciniki. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tana hawa da sauka. In naira ta faɗi, ɗan Nijar yana sayen kayan Kano da araha, amma ragonsa da wakensa sun yi wa Bakano tsada. Rufe iyaka kuma ya fi komai ciwo. Wanda Najeriya ta yi a 1984 zamanin mulkin Buhari ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan daga 2023 zuwa Maris 2024. Ita ma Nijar ta bi wannan hanya, ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, ta hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025. Irin wannan mataki yana sauƙaƙa wa mai saye a birni, amma daga aljihun manomi da makiyayi ake biyan sauƙin.

Sai cin rani, wanda ba ya fitowa a jadawalin sassan tattalin arziki amma shi ke riƙe da gidaje da yawa. Da an gama girbi samari su kama hanyar Kano da Legas da Kumasi da Abijan, wasu su haura Aljeriya da Libiya. Tafiyarsu ta rage bakin da ke cin rumbu, kuɗin da suke aikowa ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza kuma shi ke sayen hatsin damina. Yawon buɗe ido kuwa, wanda ya taɓa ciyar da Agadas da maƙeran azurfanta, tawaye da garkuwa da baƙi sun kusan kashe shi.

Abin da zai haɗa sassan

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin Nijar ba shi da jarin da zai fitar da kansa daga jiran damina, gwamnati kuma a karo na biyu cikin shekara hamsin ta sami kuɗin ƙarƙashin ƙasa da za ta iya ba shi wannan jari. Inda za a zuba shi ba a ɓoye yake ba.

Na farko ruwa. An daɗe ana ƙiyasta filayen da za a iya shayarwa da hekta 270,000, kuma a Dallol Boso da Dallol Mawuri da Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba da Korama ruwan yana kusa da sama. Ƙaramar rijiyar burtsatse da injin hasken rana suna mayar da aikin wata huɗu ya zama na shekara, sun kuma fi jiran babbar madatsa saurin isa ga mutane. Shirin bunƙasa noma na 3N na zamanin Mahamadou Issoufou ya gane haka, abin da ya rasa shi ne kuɗi mai ɗorewa daga cikin gida. Na biyu ajiya da rance, don manomi ya daina sayarwa da kaka yana sayowa da damina, mai albasa kuma ya iya jiran farashi. Na uku wuta a garuruwan noma kamar Galmi da Tasawa da Magarya, domin ba a sanyaya nono ko busar da albasa ko matse riɗi da janareta a ci riba. Na huɗu iyaka a buɗe bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa da fushin shugabanni. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 zai yi amfani ne in akwai abin da Maraɗi za ta loda masa banda ɗanyen kaya. Na biyar makaranta, musamman ta 'ya'ya mata, don gonar gado ba za ta ɗauki dukan yaran da ke tasowa ba, kuma sana'ar da za su koma sai da karatu.

Duk wannan yana gogayya da kuɗin yaƙi, wanda ke cin kaso mai tsoka na kasafin kuɗi, kuma babu mai noma ko kiwo a inda ake kashe mutane. Amma yaƙin ma yana samun mayaƙa ne daga samarin da gona ta kasa riƙewa.

Saboda haka adadin gangar da ta isa Seme ko kason bunƙasar da aka sanar ba su isa ma'auni ba. Mai son sanin ko kuɗin man ya yi abin da na yuraniyam ya kasa, ya duba abu uku nan da shekara goma: ratar farashin tiyar hatsi tsakanin kaka da damina, yawan hektocin da ake nomawa da rani, da kason dabbobi da albasa da riɗin da aka sarrafa a cikin ƙasa kafin su tsallake iyaka.